Ranar da Aka Daina Turin Motar Kawu

A unguwarmu ta Coal Camp a Enugu, duk wanda ya yi asuba a masallacinmu ya san da sauran aiki bayan sallama: turin motar Kawu. Kawuna mahauci ne, da ita yake zuwa kwata kullum. Ga tsufa, ga shan mai, kuma ba ta tashi sai jama'a sun sa hannu.

Ni kuwa na bar makaranta, na bar okada, gyaran janareta ma ban daɗe ba. Kawu ya gaji. Ya ce motar 'yan gwangwan zai ba, ni kuma ya ɗora ni a tirelar shanu in koma gida noma.

"Kawu, ba ni ita in mai da ita ta lantarki."

"Kai da ko rediyo ka kwance sai wani ya haɗa?"

"In ba ta kai ka kwata ba, da ƙafata zan hau tirelar."

Wani ɗan Ibo mai aikin wayar lantarki a bayan kasuwar Ogbete ya kama mini. Muka sauke injin, muka bar mata giyarta, muka ɗaura injin lantarkin wata matacciyar na'urar ɗaga kaya. Batura kuwa, sai da na zaga duk masu sola. Na ƙona waya, na ƙona yatsa, damina ta same ni a ƙarƙashin motar nan. Ban taɓa daɗewa a abu ɗaya haka ba.

Ranar gwaji, ana sallamewa mutane suka jeru a bayanta yadda suka saba, har da ladan. Na shiga, Kawu a gefena. Na yi bisimilla na taka. Ta sulale, ko tari babu.

Kawu ya leƙa ta taga. "Ku ƙara ƙarfi, jama'a! Ba ta kama ba!"

"Kawu, waiwaya mana."

Ya waiwaya. Ga su can ƙofar masallaci, ladan hannu a miƙe yana turin iska, wani kuma yana tashi daga taɓo.

Muka hau tudun nan da kullum take shiɗewa, Kawu ya riƙe hula. A kwata ya fito ya zaga ta, ya shafa bayanta yadda yake wa sa kafin ya taya.

"Da azahar ka dawo ka ɗauke ni."

"Tirelar fa, Kawu?"

"Ta shanu ce. Kai sa ne?"