Lalle ya ɓoye mani ciwo

Masu cewa shirun Hajiya Kuluwa na mutuwa ne, ku maida geron gaisuwarku rumbu. Ina nan Jibiya ina taunar goro.

Bayan babbar salla na tafi wajen ɗana Sahabi, mai tsire a wani gari na bakin teku a Gana. 'Yan garin ba su da wasa sai hawan igiyar ruwa a kan katako. Na daɗe ina kallo, rannan na ce sai na hau.

Sahabi ya ce, "Inna, ki rufa mani asiri."

Na ce, "Wadda ta sha bayan akori-kura daga Maraɗi, katako ne zai tsorata ta?"

Na hau a kwance, da hijabina. Ruwa ya ɗauke ni, na yi guɗa, ya kifar da ni. Garin tashi na taka wata aba mai ƙaya kamar bushiya.

Na ɗauka irin ƙayar aduwa ce. Na tone da allura, na ɗiga man shanu mai zafi. Ashe ita a ciki take karyewa.

Da zan dawo na ƙunsa lalle, don unguwa ta san na yi tafiya. Ƙaramin yatsa yana baƙi, ni ina yabon lalle.

Sai zazzaɓi. Sai wari.

A asibiti a Katsina aka ɗebi jini. Suga, ban taɓa sani ba. Likita ya ce, "Mama, in ciwon bai tsaya ba, daga gwiwa za mu yanke."

Na ce, "Ɗan nan, yatsa zan ba ka, ba gyara."

Kowace safiya wankin ciwo, ina ihu, nas tana, "Sannu, jaruma." Ƙarin ruwa, allura. Tumakina suka tafi a magani.

Yatsan ya tafi. Ƙafa ta tsaya. Alhamdu lillahi.

Ɗiyata Rabi da ta yi jinyata a tabarma, da duk mai addu'a, Allah Ya saka.

Tsofaffi 'yan uwana, a gwada suga tun ana lafiya. Ƙayar da ba ki sani ba, kai ta asibiti. Ƙafa mai ciwo kada ta ga lalle.

Kai kuma Mudi jikana, angon banza, an ce ka sake ni don ɗingishi. Jiya da ƙafata na je kasuwa na dawo, ba sanda. Fito mu yi tsere, wanda ya faɗi shi ne bazawari.