Ranar Da Suka Zo Neman Mama Saratu

Safiyar Litinin ɗin ina tankaɗe a tsakar gida. Mijina Bulus ya tafi garin Babban Mutum sayen taki. 'Yata Rahila tana wanke-wanke.

Mu Katolika gidaje kaɗan ne a ƙauyen. Mama Saratu ce shugabar matan cocinmu. Ita ta koya mana miƙewa mu yi magana a taron gari. Ita ta kai mu muka yanki katin zaɓe. Ran Asabar, ranar zaɓe, da wasu samari suka zo ɗauke akwatin ƙuri'a, sai ta zauna a kansa, ta ce sai an ƙirga a gaban kowa. Aka ƙirga. Wanda ya turo su ya faɗi.

Da hantsi na ji babura. Sai harbi ta gabas, wajen coci. Kaji suka watse.

"Ina matar nan? Ku fito da ita!"

Na leƙa ta katanga. Samarin nan ne, ko fuska ba su rufe ba. Ɗayansu na sha sayar masa da ƙosai. Suka watsa wa cocin fetur. Mama Saratu ta fito daga gidanta, ba ko takalmi. Ba ta gudu ba. Ta juyo wajenmu.

"Ku kwashe yara! Ku bi ta rafi!"

Na fizgi Rahila, muka haura ta baya. Na buga ƙofar maƙwabcinmu, na ji an zura sakata daga ciki. Na buga ta gaba. Shiru. Rijiya ɗaya muke sha da mutanen nan tun ina amarya.

Rani ne, gonaki fili fetal. Muka faɗa busasshen rafi muna gudu a duƙe. A bayanmu aka yi harbi biyu. Sai sowa.

Da azahar muka isa wata ruga. Wata tsohuwa ta ba mu ruwa, ba ta tambaye mu komai ba. Ta sa aka kai mu bakin titi a amalanke. La'asar muna Daura, ƙafafun Rahila duk ƙaya.

Washegari Bulus ya same mu. Shi da katikis, malamin cocinmu, suka binne Mama Saratu. An kama wasu, aka sake su. Wanda ya turo su yana nan, yana gaisawa da mutane a kasuwa.

A dā mu goma sha ɗaya ne a bencin mata na cocinmu. Yanzu a Daura mu bakwai muke zama. Uku sun koma kudu wajen danginsu. Ta huɗun tana kwance bayan cocin da ya ƙone, kuma har yau ban ga kabarinta ba.