Muryar Aro

Mu 'yan sa-kai ne, muna fassara wata manhajar kyauta zuwa Hausa, irin wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Ta imel muke shawara a da: adireshi guda, ka aika saƙo ya isa ga kowa. A Illela mu biyu ne a ciki, ni da yayana ɗan baffana, mai safarar albasa tsakanin nan da Konni.

Shi fa in ya yi rubutu, kowa sai ya nutsu. Abin da abokan aikinmu na Kano da Maradi ba su sani ba shi ne i'ina gare shi, mai tsanani, ko sallama sai ya yi fama. Ni kam na sani, gida ɗaya muka tashi.

Da aka kawo shawarar a bar imel a koma guruf na waya, ni na fi kowa zaƙewa. Na ce imel na tsofaffi ne, matasa ba sa buɗewa, tafiyar hawainiya muke yi. Aka koma, mutane kuwa suka ƙaru. Amma kai, Bahaushe da saƙon murya! Ba a je ko'ina ba kowa ya daina rubutu. In Yaya ya turo dogon bayaninsa, kafin a karanta muryoyi sun binne shi. Ran nan wani Bakano ya tsokane shi: "Basakkwace, rowar murya kake mana? Danna ka yi magana, mu ji 'mi' da 'awo'!" Aka yi ta dariya. Ni ma na tura fuskar dariya, wallahi da hannuna.

Daga nan Yaya ya daina turo komi a guruf. Na same shi a kasuwa zaune kan buhun albasa, na ce, "Yaya, mi ya hwaru?" kamar ban sani ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Ba komi, ƙanena."

Da la'asar ya turo min rubutu, ni kaɗai, kan wata kalma da ake ta gardama a kanta. A ƙasa ya sa: ka faɗa musu, kar ka ce ni ne. Na danna, na karanta da muryata, nan take aka karɓa. Haka muke yi har yau. Ni ake yabo, wai bakina ya iya Hausa, har an ɗora min duba fassarar kowa. Kunya kamar in nutse. In na faɗa na tona masa asiri, in na yi shiru na ci haƙƙinsa, gaba kura baya siyaki.

Kwanan baya na ce masa zan roƙi jama'a a koma imel. Ya girgiza kai. Ina tsaye a gabansa ya ɗauki waya ya rubuta, ya miƙo min: "Bar su. Ina saurarenka duk sadda ka karanta. Ashe haka maganata take in ta fito a miƙe."