Jinkar da Ba a Ɗauka Ba

Tungarmu ba ta kai a kira ta gari ba. 'Yan bukkoki ne a gindin dutse, arewa da Filinge, inda ko ɓatan hanya ba ya kai mota. Wani maharbi, Azne mai bautar iskoki, shi ya sari wurin, ya haƙa rijiya, ya ɗaure bakinta da itacen ƙirya. Mutane suka biyo ruwa suka zauna. Mu duka jikokin masu roƙon ruwan nan ne, amma in ka ji bakinmu sai ka rantse mu muka haƙa.

Ɗiyar maharbin ce kaɗai ta rage a gidansa, tsohuwa tukuf, ba ɗa ba jika. Kowace shekara kafin shuka takan yanka baƙin bunsuru a bakin rijiyar. Naman kuwa ba wanda ya taɓa ƙi.

Da aka kafa famfo a bakin hanyar Abala, sai tunga ta tashi. Tashi a wurinmu gayya ne: maza su shiga ƙarƙashin jinka, su ɗauke ta a ka zuwa sabon wuri, mai ɗaki ya ba su fura. Aka ɗauki ta kowa, har ta mahaukacinmu. Ta tsohuwar kuwa aka ce da iskoki a ciki. Iskokin da aka yi shekara da shekaru ana shan romonsu!

Na koma kufai ɗaukar turmina, na tarar ta ƙulle kayanta a tsumma, ta dama fura tana jira. Sai ga maza tafe, har da mijina. Ta miƙe da ƙyar ta rangaɗa guɗa.

"Sannunku, ɗiyana. Na san ba ku mance ni ba. Ku sha tukuna."

Suka sha, wallahi, har da lashe ludayi. Sannan suka wuce ta gefen ɗakinta suka nufi rijiya, suka ciccire itacen bakinta, wai za a yi rumfar masallaci. Bakin ya rufta ciki. Na zage su tas, mijina ya ce in kama bakina. Har yau ban yafe masa ba.

Ita idonta ya riga ya dushe. Ta dai ji sun wuce da abu mai nauyi suna nishi. Ta kamo bakin zanena.

"'Yar nan, da jinkar wani sunka hwara? To, ba komi. Ki ce musu gobe ina nan. Bari in jawo ruwa, kar su iske ni ba hura."

Ta laluba ta ɗauki guganta.