Ƙanƙarar Jidda a Kan Dutsen Baljurashi

Jidda, ranar Juma'a

Ba a kira assalatu ba na fito daga gidana a unguwar Bani Malik, keke a kafaɗa. Motar ƙungiyarmu ta mahaya keke tana jira a bakin titi. Mu bakwai ne har da direba. Ni aikin gwajin jini ya kawo ni daga Gusau, sauran kuwa duk haihuwar nan ne, jikokin alhazan da suka zo ba su koma ba. Muka biya ta unguwar Nuzla muka ɗauki Baba Salisu, dattijo mai gyaran firji, ya haura shekara sittin.

Tafiyar nan tasa ce, mu rakiya muka yi. Ƙungiya za ta je Madina a kan keke bayan wata guda, shi kuma Baba ya ƙwallafa rai. Ya ce kakansa da ƙafa ya zo daga Haɗeja, shi ko duk zuwansa Madina a zaune yake cikin mota, yana son sau ɗaya ƙafarsa ta kai shi ya yi sallama ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Bara kaftin ɗinmu Faisal ya hana shi. Bana ya kafa sharaɗi: ya hau dutsen Baljurashi, ya gangara, ya kewaye tafkin dam, ya iso masallacin bakin ruwa kafin a tayar da Azahar.

"Ammi, in ka makara, halas, mafi Madina," in ji Faisal, wato baffa, shi ke nan, babu zuwa Madina. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci.

Baba ya ce, "Yalla, ja mota. Ni na yi wa ubanka rakiyar aure."

Hanyar bakin teku

Mun yi Asuba a wani gidan mai, muka miƙi hanyar kudu. A Lis muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, Baba ya cinye nasa ya taya ni nawa, wai yana tara ƙarfi. Gaba kaɗan akwai shingen bincike. Jami'in ya duba iƙamata, wato takardar izinin zama, ya ɗaga kai ya ga kekuna a saman mota, ya tambayi wane ne babba a cikinmu. Da aka nuna masa Baba sai ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a.

Mun yi Juma'a a Makhwa, gumi na zuba kamar a Jidda. Daga nan mota ta fara hawa, kwana bayan kwana, kunnuwana suka toshe. Gwaggon birai sun zauna a gefen titi suna kallon motoci, ko gezau. Kafin mu kai sama kowa ya lalubo rigar sanyi, wanda bai zo da ita ba ya yafa sallaya.

Baljurashi

Masaukinmu gida ne mai ɗaki uku da kicin. Bayan mun ci mandi, shinkafa da nama irin ta Larabawa, Baba ya tattara gorunan ruwan kowa ya cika su ya jera a firiza, har ya murɗa ta zuwa ƙarshe, abinka da mai sana'a. Haka muke yi kullum. A Jidda in ba ka daskarar da gorarka ba, kafin ka kai rabin bakin teku ruwan ya zama na wanka. Ni da nake taƙama da karatun kimiyya har na gode masa.

Asabar, hawan dutse

Gari na wayewa muka shiga gandun dajin gwamnati. Tsohuwar hanyar da ke ciki ba a barin mota, saboda haka direba ya zagaya ya jira mu a dam. Sanyi kuwa ba a magana, numfashinmu har hayaƙi yake. Samari suka taka feda suka ɓace cikin hazo, ni na tsaya tare da Baba.

Farkon hawan daɗi ne zalla. Itatuwa masu ƙamshi hagu da dama, tsofaffin hasumiyoyin dutse a kan tuddai, gajimare a ƙarƙashinmu ba a sama ba. Baba yana tafe yana waƙe-waƙen Larabawan Hijaz, ni ina amsawa da abin da ban san ma'anarsa ba. Rabona da farin ciki irin wannan tun ina yaro.

Da hanya ta miƙe tsaye sai waƙa ta ƙare. Muka sauko giya ta ƙarshe. Maƙogwarona ya bushe, na zaro gora na kafa a baki, ɗigo biyu suka sauko. Na girgiza ta, ko motsi. Baba ya gwada tasa, ya dube ni, na dube shi.

"Dakta, wannan ai dutse muka ɗauko muka kawo wa dutse," ya ce.

Muka yi dariya har keke na neman kayar da mu. Muka cusa gorunan cikin riga a kan ciki ko za su narke, sanyin ya sa Baba salati da ƙarfi. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Duk da sanyin gari gumi muke yi, kuma babu shago, babu famfo, waya ba ta kamawa. A wata doguwar kwana jijiyar cinyar Baba ta ɗaure, ya sauka ya zauna a kan dutse, leɓɓansa sun yi fari. Gaskiya na tsorata.

Na ce, "Baba, mu juya. Lafiyarka ta fi."

"In na juya yau, ya waladi, ɗana, baɗi gwiwar nan ba za ta yarda ba. Ka bar ni in huta."

Muna nan sai na ji ƙamshin hayaƙi. Na bi shi, na tarar da wani tsoho mai kiwon zuma a bayan wani katon dutse, amyoyinsa a jere, butar shayi a kan wuta. Na nuna masa gorar. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce, "Mutanen Jidda ne?" Ban ma amsa ba ya fashe da dariya. Ya ce wasu samari biyar sun wuce ɗazu suna tsotson gora kamar jarirai.

Ya tsoma gorunanmu cikin tukunyar ruwan zafi, ya ba Baba shayi da na'ana'a, da burodi da zuma, da ɗan gishiri a tafin hannu. Ƙafar Baba ta saki. Sai kuma wata sabuwa: tsoho ya rantse baƙi ba za su bar wurinsa ba sai ya yanka ɗan akuya. Rana kuwa ta ɗaga sosai. Na kuma san ƙin karɓar karamci a nan ba ƙaramin abu ba ne. Baba ya kama hannunsa, ya sumbaci goshinsa, ya gaya masa zancen Madina da Larabcin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Tsoho ya ce, "Tashi ka tafi. In ka isa ka kai gaisuwata."

Sauran hawan shi ne mafi tsanani. Da na ga keken Baba yana tangaɗi sai na matso na ɗora hannu a bayansa.

"Cire hannunka, ɗana," ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

Na cire. Haka ya yi ta takawa, feda ɗaya, Bismillah ɗaya, har hanya ta kwanta muka hango ruwa can ƙasa yana walƙiya.

Tafkin dam

Gangarar nan sai wanda ya gani. Iska na kaɗa riguna, birki na ƙara, Baba na ihu kamar ɗan shekara goma. Muna kama hanyar da ta kewaye tafkin aka kira salla. Ruwan kore shar, iyalai sun shimfiɗa darduma suna gasa nama, amma ba mu da lokacin kallo. Baba ya sunkuyar da kai ya ba keke wuta, ni da nake saurayi da ƙyar nake bin ƙurarsa.

Mun jingine kekuna, mun yi alwala a gurguje, muka shiga ana daidaita sahu, ladan ya miƙe bai kai ga tayar da salla ba. Faisal yana sahun gaba. Ya waiwayo ya gan mu, ya matsa ya buɗe wa Baba wuri kusa da shi. Bayan an sallame ya riƙo hannun dattijon, ya yi ta neman Hausar da zai faɗa.

"Ammi, ka sayi sabon taya. Hanyar Madina akwai nisa."

Baba ya rufe fuska da hannu biyu. Ni ma sai da na fita waje na share ido.

Komawa gida

Mun sauko ta Makhwa da La'asar, zafi ya karɓe mu hannu bibbiyu. Samari suka yi ta tsokanar Baba har Lis, wai firizarsa ta fi ƙarfin ƙungiya, shi ko barci yake abinsa. Mun shiga Jidda ana kiran Isha'i.

A Nuzla sai da muka riƙe shi ni da Faisal kafin ya hau matakalar gidansa, ƙafafu sun ƙi. Matarsa Hajiya Zainab ta buɗe ƙofa ta gan shi a rataye tsakaninmu, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Me ya same shi?"

Baba ya zame hannuwansa daga kafaɗunmu ya tsaya da ƙafarsa.

"Ba komai, Hajiya. Za ni Madina."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Tsohon nan mai zuma kuma, da ko sunansa ba mu tambaya ba, Allah ya saka masa da alheri, ya ba Baba ikon isar da saƙonsa.