Na Kai Naman Jikina Kano

Batsari zuwa Katsina

Da aka idar da sallar asuba muka fito, ni da maigidana Malam Sani, mahauci a kasuwar Batsari. Ni kuwa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa. Mun tarar mota ta cika, amma direba ya ce ba zai ɗaga ba sai gari ya waye sosai. Ba wanda ya yi mashi musu, duk mun san halin hanyarmu da 'yan bindiga.

Makonni kaɗan kafin nan, likita a Katsina ya sa allura ya ciro ɗan nama daga kullutun da ke nonona na hagu. Aka duba, aka ce ciwon daji ne. Ya ce saura a san irinsa, don kowane iri da maganinsa, kuma sai a Kano za a yi wannan gwajin. Ya ce ana iya aikawa da naman. Na ce a'a, nawa ne, ni zan kai shi.

Da hantsi muka isa asibitin Katsina. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta miƙo mani wani ɗan abu bai kai kwalin ashana ba, an daskarar da naman a cikin kaki. Malam ya ɗaga shi yana dubawa.

"Wannan ɗan ɗigon? Ko kyauta ba na ba yaro wannan."

"Baba, ya ishe su," in ji ta tana dariya. "Kada dai ku bari zafi ya taɓa shi, kakin na narkewa."

Ya so ya sa a aljihu, ta hana. Sai muka cinye ɗanwaken da na zo da shi a kula, na wanke kular, na goge ta tas, na naɗe abin a hankici na rufe a ciki.

Hanyar Kano

Mun bar Katsina kafin azahar, mu huɗu a kujerar baya. Gab da Kankiya muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani soja ya leƙo, ya ga yadda na rungume kula a ƙirji.

"Mama, mene ne ciki?"

Malam ya yi sauri ya ce, "Kayan asibiti ne." Sojan ya ce a buɗe. Na buɗe, ya kwance hankicin, ya juya abin a hannunsa cikin rana. A garinmu mace ba ta faɗin wannan ciwo ko ga maƙwabciyarta, sai dai a ji an ce tana fama da jiki. Amma na ga in na yi shiru, zai ci gaba da riƙe shi a rana.

"Ɗana, naman jikina ne. Ciwon daji ke gare ni a nono, za ni Kano a auna. Zafi na ɓata shi."

Sojan ya maida shi da hannu biyu, ya rufe kular da kansa, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na saci kallon Malam, na ɗauka zai ji kunya. Sai na ji ya ce wa mutumin da ke gefensa, "Matata ce."

Da muka tsaya sallar la'asar a Tsanyawa, wata mata da muke mota ɗaya ta biyo ni wurin alwala. Ta yi ƙasa da murya ta ce ita ma tana jin wani abu kamar ƙwallon goruba a nononta, tun kafin azumi. Ta tambaye ni ko allurar da zafi. Na ce akwai, amma bai kai na haihuwa ba. Na kwatanta mata ƙofar da za ta shiga a asibitin Katsina.

Kano

Mun kwana a Kurna, gidan wani abokin sana'ar Malam. Matarsa ta ba mu tuwon shinkafa miyar kuka, ta nemar wa kulata wuri kusa da randa.

Da safe muka hau adaidaita sahu zuwa wurin gwajin. Likitar da ta karɓe mu ba ta girmi babbar 'yata ba. Ta ce za su yanka naman siriri fiye da ɓawon albasa, su zuba mashi launi, su ga abin da ke ciyar da ciwon, daga nan a san ko ƙwayoyi zan sha ko ƙarin ruwa za a yi mani. Sannan ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa yin irin wannan ciwo a danginmu.

Na ba ta labarin Innarmu, wadda ta rasu ina budurwa, tana rufe ƙirjinta da zane biyu don kada mu gani. Da ƙanwarta, ita ma haka ta rasu.

Likitar ta ajiye biro. Ta ce akwai gwaji na biyu, na ƙwayoyin halitta da ke cikin naman. In ya nuna alamar gado, sai a tabbatar da jinina.

"Amma Mama, ki yi tunani. Amsar ba taki ce ke kaɗai ba. Ta shafi 'yan uwanki da 'ya'yanki. Wasu ba sa son sani, kuma ba dole."

Malam ya dube ni. "Hajara, in aka ji na gado ne, 'yan matanmu fa, wa zai aure su? Kin san bakin mutane."

"Malam, bakin mutane ne ya sa Inna ta yi shiru har ta tafi. Gara a yi magana da su suna raye."

Ya juya wurin likitar ya ce, "A yi." Na sa hannu da kaina. Aka ce sakamako sai bayan makonni, za su kira mu.

Safana da Runka

Ban yarda mu koma ta Katsina ba. Muka bi ta Dutsin-Ma zuwa Safana, daga nan muka hau a-kori-kura tare da buhunan taki zuwa Runka, inda yayata Binta ke aure. Direba ya yi ta gudu, kowa ya zuba ido ga daji, ba mai hira.

Na tarar da Yaya tana sussukar gero. Bayan mun gaisa, na ja ta ɗaki na gaya mata komai, har da maganar gado. Ta yi kuka, ta ce me ya sa na tono abin da aka binne.

"Yaya, ba tonowa na yi ba. A jikina na same shi."

Ta fita ta koma wurin sussukarta. Da safe ina ɗaura gyale, sai ga ta da jakar kaya, ta riga ta nemi izinin mijinta.

"Ba zan jira wayar Kano ba," in ji ta. "Ki kai ni wurin likitan naki ya duba ni. In na dawo, sai a kai 'yan matanmu."

Gida

Babura biyu muka ɗauka, ni da Yaya a kan ɗaya, ta riƙe ni gam kamar ni ce babba. Kafin azahar muka sauka ƙofar gidanmu a Batsari, yara suka fito da gudu suna mana sannu da zuwa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa waɗanda suka ba mu masauki da waɗanda suka tuƙa mu. Washegari muka kama hanyar Katsina ni da Yaya, wannan karon ni ce 'yar rakiya.