Sista Mas'uda, Wadda Ta Yi Wa Jiƙaƙƙen Zane Guɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ina tashar 'yan kabu-kabu ta Sabon Birni aka ce mini Allah ya karɓi ran Sista Mas'uda a gidanta na Isa, bayan gajeriyar jinya. Na kashe babur na zauna. Na so in yi kuka, sai murmushi ya riga hawayen fitowa, domin ke, Sista, ba a tuna ki da fuska a murtuke.

Shekara huɗu ke nan da na kawo ɗiyata Zahra'u ƙaramin asibitinku daga Burkusuma, mahaifiyata Inna Fadima na rungume da ita a bayan babur. Zazzaɓin cizon sauro ya taɓa mata ƙoda. Kwana uku ba ta yi fitsari ba, ta kumbura har idanu sun shige. Likita ya ce injin wankin ƙoda sai Sakkwato, kuma bai ga alamar za ta kai ba. Na zauna a ƙasa. Ke kuwa kika ce, "Malam Lawwali, tashi tsaye. In babu inji, ai akwai hannu."

Likita ya sa mata siririyar roba a ciki, sauran aikin ya zama naki. A rataye ledar ruwan magani ya gangara cikin yarinya, ya jima ya kwaso dattin jini, a tsiyaye shi, a sa sabo. Kowace awa haka, ba fashi, har ƙodar ta farfaɗo. Alamar farfaɗowarta kuwa ɗaya ce, fitsari.

Ruwan nan ba a sa shi da sanyi, ga shi ba wuta. Sai kika shiga ɗakin masu jinya kina tafi: "Mata, kowa ta taho ta amshi ɗanta!" Kika raba musu ledoji, suka goya da majanyi don ɗumin jiki ya kama ruwan. Wallahi da idona na ga wata tsohuwa tana jijjiga tata tana lallashi. Ranar na yi dariyar farko cikin mako guda.

Kwana biyar kina duba shimfiɗar Zahra'u, kullum a bushe. Likita ya fara kaɗa kai, ni kuma na fara neman bakin da za ni gaya wa uwarta, wadda muka baro gida da tsohon ciki. Sai kika zaga bayan ɗaki, kika tarar da zannuwa huɗu a kan igiya, duk na Inna.

"Inna, wankin mi kike ta yi haka?"

Inna Bafillatana ce, kunya ta yi mata yawa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki rufa muna asiri, ɗiyata. Tun jiya yarinyar ga take jiƙa wuri, ni ko in ɗauke kafin ki shigo. Shekararta biyar fa! Kar a ce ba mu da tarbiyya a gadon gwamnati."

Laifina ne. Ni ɗan farinta ne, ko sunana ba ta kira, ina na ga fuskar da za ni tsaya gabanta in faɗi abin da muke jira? Ashe abin da muke roƙon Allah ya ba mu, Inna wanke shi take ta yi tana shanyawa.

Kika zauna daɓas a ƙasa kina dariya har da hawaye, sannan kika miƙe kika rangaɗa guɗa. Masu goyon leda suka kama. Bayan kwana uku aka zare robar, Zahra'u ta nemi fura. An ce daga ranar, duk yaron da aka kawo, kakarsa kike fara zaunarwa ki yi mata bayani dalla-dalla.

Jiya muka je gaisuwa Isa. Zahra'u ta shiga cikin mata da ƙafarta, goye da autar ƙannenta 'yar wata bakwai, takwararki, wadda kika ce za ki zo gani bayan salla. Ana tsakiyar addu'a jinjirar ta jiƙe mata baya sharkaf. Inna ta kai hannu za ta rufe da mayafi, sai ta fasa. Ta ɗago kai ta ce, "Ku bar shi, mai gidan ga tana son ganin wannan." Mata suka yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace wa kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Nasiruddeen, da 'ya'yanta, da abokan aikinta. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan Sista Mas'uda, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ya Allah, awa bayan awa baiwarka ta yi tana wanke jinin ɗiyata ba ta gaji ba. Ka wanke ta daga zunubi, kada ka bar mata ko ɗigo. Amin.